Wayar wa ake saurare? Tambayar da mutanen Madarunfa ke da haƙƙin yi

Duk wanda ke da dangi a ƙauyukan gundumar Madarunfa, musamman na wajen Gabi, Safo da Ɗan Isa da waɗanda ke bakin dajin Baban Rafi, ya san yadda abin yake tafiya. 'Yan bindiga su shigo cikin dare, su kora shanu, su tasa mutum gaba zuwa daji. Bayan kwana ɗaya ko biyu waya ta yi ƙara, sau da yawa ma daga layin wanda aka sace. Daga nan ciniki ya fara, kamar ana sayar da tunkiya a kasuwa. A yi ta kira ana ragewa ana ƙarawa, wani lokaci har makonni. A sayar da gona ko hatsin da ke rumbu, a kira ɗa ko ƙane da ke neman kuɗi a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan ya turo abin da ya samu ta Nita ko Al Izza. Tun daga barazanar farko har zuwa wurin da za a kai kuɗin fansa, komai ta waya yake bi.

Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawo a majalisun shayi na Maraɗi da kuma dandalin WhatsApp na 'yan asalin yankin da ke waje: tun da an tilasta wa kowa yin rajistar layinsa, kuma ƙasa tana da dokar da ta ba ta damar sauraren wayoyi, me ya hana a gano mai kiran nan? Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta 'yan siyasa ba ce, ta talakan da ya sayar da gonarsa ce.

Matsayinmu a wannan jarida a bayyane yake. Ƙasar da ake sace 'ya'yanta ana cinikinsu ta waya tana da haƙƙi, har ma da nauyi, na bin sawun waɗannan kiraye-kiraye. Amma ikon shiga hirar mutane iko ne mai haɗari, kuma yadda aka tsara shi a Nijar ya bar makullin a hannun mutum ɗaya, babu alƙalin da ake neman izininsa kafin a fara, babu kuma hanyar da jama'a za su san ko kunnen gwamnati yana daji ko yana cikin gari.

A tuna yadda aka faro. Ranar 29 ga Mayun 2020, a ƙarshen mulkin Mahamadou Issoufou, majalisar dokoki a Yamai ta amince da dokar da ta halatta tatsar bayanan sadarwa ta na'ura, wato kiran waya, saƙonni da abin da ke bi ta intanet. 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen, suna cewa za a fake da tsaro a sa ido a kan kowane ɗan ƙasa. Hujjarsu ita ce aya ta 29 ta kundin tsarin mulkin 2010, wadda ta kare sirrin wasiƙu da sadarwa, ta ce ba za a keta shi ba sai bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya. Gwamnati kuma ta ce ai dokar da ayar ke magana a kai ke nan ta kawo, kuma ƙasar da ke yaƙi a Diffa da Tillaberi ba za ta zauna babu kunne ba.

Maganar da ta fi zama a zukatan mutane daga wannan muhawara ita ce ta ministan shari'a na lokacin, Marou Amadou. Ya shaida wa masu ƙorafi cewa dama can ana sauraren su, har yanzu ma ana yi, yanzu dai za a tsara abin ne. Wasu sun ɗauke ta a matsayin gatse, amma gaskiya ya faɗa, kuma daga bakin mutumin da shi kansa ya sha kamu a 2009 lokacin da yake fafutikar adawa da tazarcen Tandja Mamadou. Mu ma mun yarda cewa sauraren da ke da doka ya fi wanda ake yi a ɓoye. Matsalar tana cikin irin tsarin da aka yi.

Dokar ta ce shugaban ƙasa, ko wanda ya wakilta, shi ke ba da izinin saurare, bisa buƙatar firaminista ko wasu ministoci kamar na tsaro da na cikin gida. Dalilan da aka lissafa sun haɗa da yaƙi da ta'addanci da manyan laifukan da ke tsallaka iyaka, wanda babu mai musu a kai, amma har da kare tsaron ƙasa da haɗin kanta, hana katsalandan daga waje, da kare muradun tattalin arziki. Waɗannan kalmomi suna da faɗi ƙwarai. Ɗan jaridar da ke binciken wata kwangila yana iya faɗawa cikinsu, haka ma ɗan ƙungiyar farar hula da ke magana da takwarorinsa na waje. An kafa hukumar da za ta sa ido a kan aikin, sai dai mambobinta masu mulki ne ke zaɓen su, kuma ba kotu ba ce. Abin da aka tatsa kuwa ana iya kai shi gaban shari'a a matsayin shaida.

Waɗanda suka nuna damuwa a lokacin ba mafarki suke ba. Makonni kaɗan kafin zaɓen dokar, a tsakiyar annobar korona, ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton wata ma'aikaciyar kotu a Yamai da aka kama aka yanke wa hukuncin ɗaurin talala saboda wata hira ta sirri da ta yi a WhatsApp tana sukar yadda gwamnati ke tafiyar da annobar. A nan Maraɗi ma an tsare wani ɗan ƙungiyar farar hula a watan Afrilun wannan shekara kan abin da ya tura ta WhatsApp. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 aka yi amfani da ita a kansu, kuma ita ce aka kama 'yar jarida Samira Sabou da ita a watan Yunin 2020. Idan aka haɗa dokar da ke ba da damar ji da wadda ke hukunta abin da aka ji, an samu tarko cikakke.

Akwai darasin da tarihi bai ɓata lokaci ba wajen koyar da shi. Mohamed Bazoum ne ministan cikin gida ranar da aka zaɓi wannan doka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ta sanar a watan Agusta cewa ta tara hujjojin gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa, saboda mu'amalar da ya yi da shugabannin ƙasashen waje. Lokacin da Kotun Ƙasa ta cire masa rigar kariya a watan Yunin 2024, cikin abin da aka zarge shi da shi har da hirarsa ta waya da Emmanuel Macron na Faransa da Antony Blinken na Amurka. Ba muna cewa dokar 2020 ce ta kama shi ba. Abin da muke nunawa shi ne kujera tana juyawa, kayan aikin da aka ƙera kuwa yana nan yana jiran mai hawa na gaba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan gargaɗi bai tsaya kan waɗanda suka sauka ba, ya shafi waɗanda ke kai yanzu, da magoya bayansu da ke ganin duk wanda ya yi maganar sirrin waya maƙiyin ƙasa ne.

Tun daga 2023 abin ya ƙara rikicewa. An dakatar da kundin tsarin mulkin da aya ta 29 ke ciki, an rushe majalisar dokokin da ya kamata ta riƙa tambayar gwamnati, an maye gurbin manyan kotuna da Kotun Ƙasa, sannan a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa. Dokokin da aka gada kuwa suna ci gaba da aiki sai in an soke su. Ma'ana ikon saurare yana nan, 'yan shingayen da aka yi masa, duk da rauninsu, sun ƙara raguwa. A ranar 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan gyaran da ya dawo da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, bayan an cire shi a 2022 ga laifin ɓata suna da zagi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. A watan Agustan wannan shekara aka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, wanda shiga cikinsa ke iya jawo toshe dukiya, hana tafiya da ƙwace zama ɗan ƙasa na wucin gadi. A watan Oktoba aka fara da mutum 9.

'Yan uwanmu da ke ƙasashen waje su ne wannan ya fi taɓawa ta wata fuska. Wayar ita ce gidansu. Da ita suke gaisuwar mutuwa, da ita suke jin an yi ruwa ko ba a yi ba, da ita suke tura kuɗin magani. Yanzu da yawa sun koyi magana da zaurance, ko su ce wa tsohuwa a bar wannan maganar sai an haɗu, alhali haɗuwar sai bayan shekara uku.

Mu koma daji. Gaskiya ita ce bin sawun ɗan bindiga ta waya ba abu ne mai sauƙi kamar yadda ake gani a fim ba. Iyakar da ta raba Madarunfa da Jibiya a jihar Katsina ba ta raba iskar sadarwa ba. A ƙauyukan bakin iyaka waya ɗaya tana ɗauke da layin Nijar da na Najeriya, kuma mai kira daga daji yana iya amfani da layin da hukumomin Yamai ba su da iko a kansa. An ga juyin wannan a watan Satumbar 2021, lokacin da Najeriya ta katse sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya: rahotanni sun nuna 'yan bindiga da talakawa duka sun koma neman layukan Nijar. Sannan layin da aka yi wa rajista sau da yawa na wanda aka sace ne, ko na wani da aka yi amfani da katinsa bai sani ba. Ko an gano turken sadarwar da kiran ya bi, turke ɗaya a karkara yana rufe fili mai faɗin gaske, kuma sai an samu dakarun da za su isa wurin kafin a tashi. Duk wannan yana buƙatar aiki tare tsakanin Maraɗi da Katsina, wanda ya yi rauni tun bayan takunkumin CEDEAO na 2023 da ficewar Nijar daga ƙungiyar.

To amma wannan wahala ita ce ta sa tambayar ta fi ƙarfi. Gano mai sukar gwamnati a cikin gari abu ne mai sauƙi: sunansa na kan layinsa, gidansa sananne ne. Gano mai garkuwa da mutane aiki ne mai cin lokaci da kuɗi da rai. Duk hukumar da aka ba iko babu mai tambayarta lissafi za ta karkata ga mai sauƙin, a bar jaki ana dukan taiki. Muna jinjina wa sojoji, jandarmomi da 'yan sandan da ke aikin Farautar Bushiya a wannan yanki, waɗanda suka kuɓutar da mutane suka kuma dawo da dabbobi, wasu har suka rasa rayukansu. Su ne suka fi cancanta a ba su bayanan da na'urorin saurare ke tarawa.

Matasa da yawa suna cewa ai WhatsApp a kulle yake, babu mai iya karantawa. Rabin gaskiya ne. Tun 2016 saƙonnin manhajar suna tafiya a rufe daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, kamfanin sadarwa ba ya ganin abin da ke ciki. Kiran waya na yau da kullum da gajeren saƙo ba su da wannan kariya. Kuma kamfani yana riƙe da bayanin wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, na tsawon minti nawa, daga wane yanki, wanda shi kaɗai ya isa ya zana rayuwar mutum. Ban da haka, ana karɓe waya a buɗe ta, kamar yadda aka tafi da waya da kwamfutar Moussa Tchangari lokacin da aka kama shi a Yamai ranar 3 ga Disambar 2024. Akwai manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus da ke shiga cikin wayar kanta, waɗanda bincike ya nuna an auna wani bishop da 'yan adawa da su a Togo. Hanya mafi arha kuwa ita ce ta tun kaka da kakanni: wani daga cikin dandalin ya kwashe muryar da ka tura ya kai.

Abin da masu cewa wanda ba shi da laifi ba ya tsoro ba su lura da shi ba, a yanki irin Madarunfa sirrin waya shi kansa tsaro ne. Manomin da ya ga baƙin babura a bayan gari ya kira jandarmomi, rayuwarsa ta rataya kan kada a san shi ya kira. Kowa ya san 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto a cikin garuruwa. Idan bayanan kira suna yawo a hannun ma'aikata babu rajistar wanda ya buɗe, babu hukunci ga wanda ya fitar, to ranar da ɗaya daga cikinsu ya sayar, wani ne zai kwana a kabari. Haka iyalin da ke ciniki da masu garkuwa: lambarsu za ta fito sau goma ko ashirin tare da ta ɗan bindiga. Haka mai gari ko dattijon da aka roƙa ya shiga tsakani. A kan takarda dukkansu suna kama da abokan hulɗa. Alƙali ne aka horar don ya bambanta wanda aka zalunta da wanda ya haɗa baki, na'ura ba ta iya wannan. Mutanen da suka fara jin cewa kowace kalma tana iya zama laifi kuwa sukan yi shiru gaba ɗaya, har da labarin da jami'an tsaro ke matuƙar buƙata.

Masu kare dokar sukan ce ƙasashen da ke taƙama da dimokuraɗiyya ma suna saurare. Haka ne, kuma sun ɓata. A Faransa, tsakanin 1983 da 1986, wani sashe a fadar shugaba François Mitterrand da aka kafa da sunan yaƙi da ta'addanci ya riƙa sauraren 'yan jarida da lauyoyi, ciki har da Edwy Plenel na jaridar Le Monde, sai a 2005 kotu ta hukunta wasu daga cikin masu hannu. Yau a can firaminista ke ba da izini, amma akwai hukuma mai zaman kanta da ke duba buƙata, tana iya kai ƙara, tana kuma wallafa rahoto kowace shekara da adadin mutanen da aka sa wa ido. A Afirka ta Kudu, bayan an gano an saurari ɗan jarida Sam Sole, kotun tsarin mulki ta yanke a watan Fabrairun 2021 cewa dokar ƙasar ta gaza, dole a sanar da mutum bayan an gama sauraronsa in ba zai ɓata bincike ba, dole kuma a ba 'yan jarida da lauyoyi kariya ta musamman. Ko a Najeriya, inda aiki da doka ke da nasa ciwon, ƙa'idojin hukumar sadarwa na 2019 sun tanadi a nemi takardar izini daga alƙali, in kuma gaggawa ta sa an fara babu ita, a nemo ta cikin sa'o'i 48. Wannan ya nuna gaggawar ceton rai da izinin alƙali ba sa karo da juna.

Tun da hukumomi sun ce sake gina ƙasa ake yi, wannan doka tana cikin abin da ya kamata a sake ginawa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A mayar da izinin saurare hannun alƙali, a bar ƙofar gaggawa don satar mutane da harin da ke tafe, da sharaɗin a kai wa alƙalin cikin kwana biyu. A taƙaita dalilan zuwa laifukan da aka ambata da suna, a cire kalmomin da kowa ke iya faɗawa cikinsu. A faɗi tsawon lokacin da za a riƙe abin da aka naɗa, a goge na waɗanda ba su da hannu. Hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, a ba ta damar duba yadda Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms ke adana bayanan kira da kuma wa suke miƙa wa.

Akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar jiran sabuwar doka, kuma ba zai tona asirin kowane bincike ba. Gwamnati ta fito sau ɗaya a shekara ta faɗi adadi: izini nawa aka bayar, nawa ne kan ta'addanci da garkuwa da mutane, nawa ne kan sauran dalilai, nawa suka kai ga kamu ko ceto. A raba shi jiha-jiha, domin mutumin Gabi ko Ɗan Isa ya ga kason da ya zo jihar Maraɗi. Majalisar tuntuɓa ta sake gina ƙasa, wadda ke da wakilai daga wannan jiha, tana iya neman wannan lissafi a zamanta na gaba, kuma muna kira ga wakilan Maraɗi su zama na farko da za su nema.